Uwa Ɗaya, 'Ya'ya Biyu: Nazarin Ciwon Hanta Nau'in B a Lokacin Goyon Ciki da Shayarwa

## Kafin cikin nan

Matar da wannan nazari ya shafa tana da shekara 27 lokacin da ta ɗauki cikinta na biyu. Ba ta taɓa kwanciya asibiti ba in ban da haihuwarta ta fari, ba ta taɓa yin ciwon shawara ba, ba a taɓa ƙara mata jini ba, ba a kuma taɓa yi mata tiyata ba. Ɗanta na fari yana da shekara huɗu, lafiyayyen yaro ne mai ƙiriniya irin ta sa'o'insa. A cikinsa ta je awo sau uku, aka duba hawan jini da yawan jininta, aka yi mata gwajin ƙanjamau, amma ba a gwada ta ciwon hanta ba. Katin rigakafin yaron ya nuna cewa allurar farko mai ɗauke da kariya daga ciwon hanta ta shiga jikinsa ne yana da mako tara, sauran biyun suka biyo baya a kan kari. Gurbin allurar ranar haihuwa kuwa babu komai a cikinsa.

Ciwon hanta nau'in B ƙwayar cuta ce da ke yawo ta jini da ruwan jiki, tana kuma iya zama a jikin mutum shekaru da dama ba tare da ya ji ko ciwon kai ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2022 mutum miliyan 254 ne ke ɗauke da ita a matsayin cuta mai zaunawa, kuma akasarinsu ba su sani ba. Shekarun da mutum yake da su ranar da ya kamu su ne ke yanke makomarsa. Babban da ya kamu, jikinsa yakan kore ta cikin wata shida, ƙasa da kashi 5 cikin ɗari ne take zaunawa a jikinsu. Jaririn da ya kamu a wajen haihuwa kuwa, garkuwar jikinsa ba ta ɗaukar ƙwayar a matsayin abokiyar gaba, sai ta ƙyale ta, shi ya sa kusan tara cikin goma na irin waɗannan jarirai suke girma da ita, wasunsu kuma su gamu da taurin hanta ko ciwon dajin hanta a tsakiyar rayuwarsu.

## Mako na 18: gwajin farko

Ta fara zuwa awo cikin yana da mako 18. A wannan karon an yi mata gwaje-gwaje uku da ake so a haɗa wa kowace mai juna biyu, wato na ƙanjamau da na tunjere da na ciwon hanta. Biyun farko suka fito babu komai. Na ukun, wanda ake kira HBsAg, ya nuna tana ɗauke da ƙwayar. Aka rubuta sakamakon a katinta da jan biro, aka yi mata allurar farko ta rigakafin sarƙe-haƙora da mashaƙo, aka ce ta dawo bayan mako huɗu a yi ta biyu. Game da hantar, abin da aka gaya mata shi ne ba a ba mai ciki magani, ta bari sai ta sauka lafiya tukuna.

Ba a yi mata bayanin cewa HBsAg ƙofa ce kawai ba. Gwajin yana nuna akwai ƙwayar, amma ba ya nuna yawanta, alhali yawan nan ne ke bambanta uwar da allurar jariri za ta wadatar da uwar da sai an haɗa da magani. Ba a kuma ce ta kawo mijinta da ɗanta a duba su ba.

## Mako na 19 zuwa na 24: abin da ta gwada da kanta

Makonni shida da suka biyo baya ta yi su ne cikin fargaba da neman mafita ta inda ta samu. Wani mai sayar da magani ya shawarce ta da ta yi allurar rigakafin ciwon hanta, ta yi guda biyu wata ɗaya tsakani. Allurar ba ta da haɗari ga mai ciki, domin babu ƙwaya mai rai a cikinta, ana ma yi wa mai juna biyun da ba ta kamu ba kuma take zaune da mai cutar. Sai dai aikinta shi ne koya wa jiki gane ƙwayar kafin ta shigo, saboda haka ba ta da abin da za ta yi wa wanda ƙwayar ta riga ta zauna a hantarsa. Ta kuma sha wasu ƙwayoyi da ake tallatawa da sunan wanke hanta har na mako uku, ta daina ne da suka sa ta gudawa. Da ta sake gwajin HBsAg a wani ɗakin gwaji a mako na 23, sakamakon yana nan yadda yake.

A gida ma al'amarin ya taɓa zaman aure. Mijin ya ji cewa ana ɗaukar cutar ta hanyar saduwa, sai zargi ya shiga tsakaninsu, kowa yana kallon ɗan'uwansa. An ware mata kofi da cokali da kwanon cin abinci, an hana yaron cin abin da ta rage. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da yake da tushe, domin ƙwayar ba ta bin abinci ko ruwan sha ko tari ko runguma. Abubuwan da ya kamata a raba su ne reza da buroshin goge baki da abin yanke farce, tunda ƙwayar tana iya rayuwa aƙalla kwana bakwai a busasshen jini, kuma waɗannan babu wanda ya ambace su.

## Mako na 25 zuwa na 28: cikakken bincike

A mako na 25 wata ungozoma da ke duba katinta ta tsaya a kan jan rubutun, ta tambaye ta abin da aka yi a kai, da ta ji ba a yi komai ba sai ta tura ta wajen likitan hanta. Likitan ya nemi gwaje-gwaje huɗu. Awon ALT, wanda ke nuna ko hanta na cikin kumburi, ya fito 16, wato babu alamar rauni. Aikin ƙoda ya fito daidai. Gwajin HBeAg ya nuna akwai shi, alamar ƙwayar na hayayyafa sosai. Awon yawan ƙwayar a jini, wanda sai da aka jira sakamakonsa kwana goma sha biyu, ya nuna kusan IU miliyan 40 a kowace mililita ta jini (IU ma'aunin yawan ƙwayar ne). Hoton ciki bai nuna wata matsala a hantar ba.

Wannan haɗi na ƙwaya mai yawa da lafiyayyar hanta shi ne abin da aka saba gani ga matashin da ya kamu tun yana jariri, kuma shi ne mafi haɗari ga abin da ke cikin ciki. Idan uwa tana da HBeAg kuma ba a yi wa jariri komai ba, tsakanin bakwai zuwa tara cikin goma suna kamuwa. Allurar ranar haihuwa tare da sauran alluran tana kare mafi yawansu, amma an daɗe da lura cewa 'yan kaɗan da ke kamuwa duk da an yi musu komai a kan lokaci, kusan dukkansu 'ya'yan iyaye mata ne masu ƙwaya da yawa ƙwarai. Saboda haka a 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar cewa duk mai cikin da yawan ƙwayarta ya kai IU 200,000 a mililita ta fara shan tenofobir, maganin da ke danne hayayyafar ƙwayar, daga mako na 28 har zuwa haihuwa aƙalla, inda kuma babu na'urar awon yawan ƙwayar, a dogara da gwajin HBeAg. Ɗaya daga cikin hujjojin shawarar shi ne wani gwaji da aka yi a ƙasar Sin kan mata 200, aka wallafa shi a 2016: a rukunin da ya sha maganin kashi 5 cikin ɗari na jarirai ne aka lissafa da kamuwa, a rukunin da bai sha ba kuma kashi 18. Nata adadin ya ninka ma'aunin hukumar sau ɗari biyu.

Kafin a ba ta maganin an sake gwajin ƙanjamau, kuma akwai dalili. Tenofobir yana cikin magungunan ƙanjamau, idan aka ba mai ɗauke da cututtukan biyu shi kaɗai, ƙwayar ƙanjamau za ta iya koyon bijire masa. Da gwajin ya sake fitowa babu komai, ta fara shan miligiram 300 sau ɗaya a rana, cikin yana da mako 28 da kwana biyu.

A wannan zama ne aka gwada mutanen gidan. Mijin ba ya ɗauke da ƙwayar, amma jininsa ya nuna ya taɓa kamuwa jikinsa ya kore ta, ya kuma bar masa garkuwa, don haka ba ya bukatar allura. Ƙanwarta da ke zaune tare da su ba ta taɓa kamuwa ba, aka fara mata allura uku: ta farko nan take, ta biyu bayan wata ɗaya, ta uku a wata na shida. Mahaifiyar matar, da aka roƙe ta ta zo, an same ta da ƙwayar, abin da ya sa likitan ya ce mafi kusa da gaskiya shi ne matar ta kamu tun ranar da aka haife ta, shekaru kafin ta san mijinta. Yaron mai shekara huɗu shi ma an same shi da ita.

## Mako na 29 zuwa na 38: shan magani da shirin haihuwa

Sakamakon yaron ya girgiza ta fiye da nata. A mako na 30 ta daina shan maganin har kwana tara ba ta gaya wa kowa ba, ɗaya saboda tashin zuciyar da yake sa ta, ɗaya kuma saboda wata 'yar'uwarta ta karanta takardar da ke cikin kwalin ta ga sunan ƙanjamau, ta ce mata ko dai an ɓoye mata wani abu ko kuma maganin zai nakasa jaririn. An gano hakan ne da ungozomar ta ƙirga ƙwayoyin da suka rage a kwalbar. Aka zaunar da ita tare da mijin, aka yi musu bayanin cewa dubban mata masu juna biyu sun sha wannan magani shekara da shekaru ba a ga ƙarin nakasa a jariransu ba, aka kuma mayar da lokacin shansa dare bayan cin abinci. Tashin zuciyar ya lafa cikin mako guda, daga nan ba ta sake tsallake rana ba. A mako na 36 yawan ƙwayar ya sauko zuwa kusan IU 60,000.

Mijin ya tambaya ko tiyata za ta fi kare jaririn. Aka ce masa ba a yi wa mace tiyata don ciwon hanta kaɗai, sai in akwai wani dalili na haihuwar kanta. Abin da aka rubuta a katin shi ne a guji duk abin da zai ji wa fatar jariri rauni lokacin naƙuda in ba dole ba.

Shirin da aka fi ɓata lokaci a kansa shi ne na allurar ranar haihuwa, kuma a nan ne ungozomar ta nuna ta san inda gizo ke saƙar. A wurin da matar za ta haihu, firijin alluran yana sashen rigakafi ne, sashen kuma ba ya buɗewa da dare ko a ƙarshen mako, sannan ma'aikatansa ba sa son fasa kwalba mai allura goma saboda jariri ɗaya. Allurar nan mai haɗe da rigakafi biyar da ake farawa a mako na shida ba a yin ta ranar haihuwa, sai ta ciwon hanta zalla. Saboda haka tun a mako na 37 aka ajiye kwalba ɗaya a firijin ɗakin haihuwa da lambar katinta a jiki, a tsakiyar firijin inda sanyi ke tsakanin digiri 2 zuwa 8, nesa da wurin ƙanƙara, domin wannan allura tana jure ɗumi fiye da yadda take jure daskarewa, in ta daskare sau ɗaya ta lalace. An kuma ba mijin takardar neman HBIG, wato garkuwar aro da ake tacewa daga jinin masu kariya a ba jariri ta riƙe shi kafin tasa ta ginu. Ita wannan ba a samu ba har ranar naƙuda.

## Mako na 39: haihuwa

Ta haihu da kanta da ƙarfe biyu na daren Asabar, 'ya mace mai nauyin kilo 3.1. Aka goge jaririyar daga jinin haihuwa, aka tsabtace cinyarta, aka yi mata allurar rigakafin, rabin mililita a naman cinyar dama, tana da awa biyu a duniya. Garkuwar aron ta iso washegari, aka yi ta a cinyar hagu a awa ta 19. An fi so a yi ta cikin awa 12 na farko, amma jinkirin bai kai ya sa a fasa ba, tunda akan yi ta har zuwa kwana bakwai idan ba a samu da wuri ba.

## Watannin shayarwa

Matsala ta gaba ta taso ne daga inda ba a yi tsammani ba. Wata ma'aikaciyar ɗakin masu jego da ta ga jan rubutun a katin ta hana ta ba da nono, ta ce a nemo madarar gwangwani. Jaririyar ta yi kwana biyu a kan madara, ta rasa mafi yawan dakashin farko, nonon uwar kuma ya cika ya yi tauri har ya sa mata zazzaɓi. Sai ranar Litinin da likitan ya zagayo ya warware umarnin. Ana samun alamar ƙwayar a ruwan nono, amma binciken da aka yi ta yi tun shekarun 1970 bai nuna jariran da suka sha nono sun fi waɗanda suka sha madara kamuwa ba, balle jaririn da aka riga aka yi wa allura. Tenofobir ɗin da ke fita ta nono kuwa kaɗan ne ƙwarai, hanjin jariri ma ba ya tsotsar mafi yawansa. An ɗauki kusan mako guda ana taimaka mata da yadda za ta ɗora jaririyar kafin shayarwa ta daidaita.

A mako na uku kan nononta na hagu ya tsage har yana fitar da jini. Tunda jini ne ke ɗauke da ƙwayar da yawa, aka ce ta ci gaba da shayarwa da na dama, ta riƙa tatse na hagun tana zubarwa don kada ruwansa ya ƙafe, har sai ya warke. Ya warke cikin kwana biyar. Jaririyar ta karɓi allura mai haɗe da rigakafi biyar a mako na 6 da na 10 da na 14, ba a yi jinkirin ko ɗaya ba, ta kuma sha nono zalla har wata shida.

Ita uwar an tsayar mata da tenofobir mako 12 bayan haihuwa, da sharaɗin ta riƙa zuwa awon ALT duk bayan mako huɗu zuwa shida har wata shida, domin garkuwar jikin mace da ta yi laushi lokacin ciki takan farfaɗo bayan haihuwa ta far wa hantar da ƙwayar ke ciki, cire magani kuma yana ƙara wannan haɗari. Ba ta je biyun farko ba. Hankalin kowa, har nata, yana kan jaririyar, babu kuma wanda ya kira ta, domin sashen awon ciki ya sallame ta, sashen rigakafi kuma katin yarinya yake dubawa. Ta koma ne a mako na goma bayan daina maganin saboda kasala da rashin son abinci, aka sami ALT ɗinta 140, yawan ƙwayar kuma ya koma miliyoyi. Idonta bai yi ɗorawa ba, sauran awon hanta ma suna nan daidai. Da aka maimaita bayan mako huɗu ba a ga ya sauka ba, likitan ya mayar da ita kan tenofobir, wannan karon don hantarta ita kanta, ba tare da an sa ranar dainawa ba. Ta ci gaba da shayarwa. Bayan wata uku ALT ya dawo ƙasa da 20.

## Wata na tara zuwa na goma sha biyu: sakamako

Ba a gwada jaririyar da wuri ba da gangan, domin garkuwar aron da aka yi mata tana iya daɗewa a jini watanni, ta sa a zaci tata ce. Tana da wata goma aka ɗebi jininta. Ba a sami HBsAg ba, garkuwar da jikinta ya ƙera kuma ta wuce mIU 10 a mililita nesa ba kusa ba, wanda shi ne ma'aunin da ake ɗauka a matsayin kariya. Ba ta kamu ba, ba ta kuma bukatar ƙarin allura.

Yayanta yana nan da ƙwaya mai yawa da lafiyayyar hanta, irin yanayin da mahaifiyarsa take ciki kafin wannan cikin. Ba a fara masa magani ba, ana duba shi duk wata shida. Kakarsu an same ta da ƙwaya kaɗan, amma saboda shekarunta an sa mata hoton hanta sau biyu a shekara.

## Abin da ya yi aiki da abin da ya gaza

Ba za a iya nuna abu ɗaya a ce shi ne ya kare yarinyar ba, tunda ta sami kariya hawa uku, mai yiwuwa ma biyu daga ciki da sun wadatar. Amma kwatanta ta da yayanta yana nuna inda babban giɓin yake. Shi ma an yi masa allura uku cif, katinsa a cike yake in ban da gurbi ɗaya. Ƙwayar da ta shiga jikinsa ranar haihuwa ta sami mako tara tana kafuwa a hanta kafin allurar farko ta zo, allura kuwa ta fi iya riga ƙwayar idan aka yi ta cikin awa 24. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba da shawarar wannan allura ga kowane jariri tun 2009, ko an gwada uwarsa ko ba a gwada ba, da an bi wannan kaɗai da damarsa ta tsira ta yi yawa. Tsibirin Taiwan, wanda ya fara yi wa jarirai wannan rigakafi a 1984, ya ga ciwon dajin hanta ya ragu a tsakanin yaransa cikin shekarun da suka biyo baya. A ganin mai wannan nazari, ajiye kwalbar nan a firijin ɗakin haihuwa tun mako biyu kafin naƙuda shi ne mataki mafi nauyi a duk labarin, duk da shi ne mafi sauƙi, domin in ba don haka ba, da haihuwar daren Asabar ta sa allurar ta jira safiyar Litinin.

Tenofobir ya yi abin da aka nema, ya sauke ƙwayar ƙasa da ma'aunin haɗari kafin naƙuda, amma da ƙyar aka cimma lokacinsa. Sakamakon mako na 18 ya zauna mako bakwai a kati ba wanda ya yi aiki da shi, kuma sa'a ce ta sa wata ungozoma ta yi tambaya. Sabuwar shawarar da hukumar ta fitar a 2024 ta fi son a fara maganin tun daga watanni uku na tsakiyar ciki, ta kuma yarda a ba duk mai cikin da aka samu da HBsAg idan babu hanyar yin sauran gwaje-gwajen, wanda ke nufin mace irin wannan za a iya fara mata tun a makonnin da aka ce mata ta jira. Allurar da ta yi wa kanta, da ƙwayoyin wanke hanta, da raba kwanuka, da kwana tara na barin magani, duk sun faru ne a lokutan da aka ba ta sakamako ko kwalin magani ba tare da cikakken bayani ba.

Hana ta shayarwa kuskure ne da ya fito daga cikin asibiti, daga ma'aikaciyar da ta ɗauki ƙa'idar wata cuta ta ɗora a kan wata, kuma ya raba jaririyar da dakashi ba tare da ya ƙara mata wata kariya ba. Kumburin hantar da ya biyo bayan daina magani abu ne da aka san zai iya faruwa, an ma gargaɗe ta, amma tsarin bibiyar ya rataya ne a wuyan mai jegon da ke fama da jaririya da yaro mai ɗauke da cuta. Tun daga lokacin an haɗa ranar awonta da ta ɗanta a sashe ɗaya, an kuma rubuta a katinta cewa idan ta sake samun ciki kada a tsayar da maganin, a kuma sanar da ɗakin haihuwa tun daga awon farko.